Bashin Kakuri

Kafin jirgin ƙasa ya iso, ƙasar da ke kudancin Kogin Kaduna gonaki ce da ƙananan ƙauyukan Gbagyi. Layin dogo ya ratsa ta a 1911, aka kafa tasha a wannan ƙetaren, wadda daga baya ta zama mahaɗar layin Ikko da na Fatakwal. Da Gwamna Lugga ya zaɓi Kaduna ta zama hedikwatar Arewa, aka kwaso ofisoshi daga Zungeru a 1917, sai aka zuba gidan gwamna da sakatariya da barikin soja da unguwar Turawa a arewacin kogi. Kudu kuwa aka bar wa ma'aikatan reluwe da 'yan ƙwadago. Tun ran gini tun ran zane. Rabon farko da aka yi wa garin nan rabo ne na aiki: a arewa ake mulki, a kudu ake zufa. Duk wanda ya manta da wannan, ya fara tarihin kudancin Kaduna daga rikicin addini, zai karanta shi a baibai.

Wannan yanki ɗan siriri da ya tashi daga Makera zuwa Kakuri da Nasarawa yana cikin wuraren da masana zamantakewa da tattalin arziki suka fi bincika a duk Arewa. Sun shiga gidajen haya sun ƙirga ɗakuna, sun tsaya a ƙofar masaƙa sun tambayi leburori albashinsu, sun zauna a ofishin ƙungiyar ƙwadago sun karanta takardunta, daga ƙarshe suka zauna a tsakar gida da matan da mazansu suka mutu suna jiran haƙƙinsu. Idan aka jera rubuce-rubucen nan aka karanta su bi da bi, abu ɗaya ke fitowa fili. Duk wani abin jin daɗi da talakan Kakuri ya taɓa samu, daga magani zuwa kuɗin haya zuwa abin da zai riƙe kansa bayan tsufa, a ƙofar masaƙa aka rataye shi. Hukuma ba ta gina masa wani madogari a waje ba. Ran da aka garƙame ƙofar, komai ya tafi tare.

Labarin ya fara ne da auduga. A zamanin Turawa, audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi da ƙasar Zazzau ana gurje ta a nan, a ɗora a jirgi zuwa Ingila, a saƙa ta a Lankasha, a dawo mana da ita yadi mu saya da tsada. Sardauna Ahmadu Bello da gwamnatinsa suka ga babu dalilin haka. A 1955 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin hukumomin kasuwanci da raya ƙasa na Jihar Arewa da wani kamfanin saƙa na Ingila mai suna David Whitehead and Sons, aka kafa Kaduna Textiles Limited, wadda kowa ya sani da KTL. Ta fara aiki a 1957. An zaɓi Kakuri ne don ga ruwan kogi, ga layin dogo da zai kawo auduga ya ɗauki yadi, ga fili. Abin da ta fara fitarwa akoko ne, tufar talaka, wanda ake ɗinka riga da shi, masu rini kuma su saya su kai karofi.

Da aka ga KTL ta kama ƙasa, wasu suka biyo. Nortex ta zo a farkon shekarun 1960. Kamfanin iyalin Cha na Hon Kon ya kafa United Nigerian Textiles, wato UNTL, a 1964, wadda ta zama mafi girma a ƙasar. 'Yan Japan suka kafa Arewa Textiles, ta fara saƙa a tsakiyar shekarun. A kusa da su aka gina kamfanin giya da masana'antar ƙera makamai ta soja, daga baya a 1975 kamfanin haɗa motocin Fijo ya buɗe. Samari suka yi ta kwararowa daga ko'ina: Bajju da Atyap da Ham daga kudancin lardin Zazzau, Tibi da Idoma daga Binuwai, Igala da Igbira, mutanen Filato, Hausawa da Nufawa da Yarbawa, har da 'yan Kudu. Manyan ma'aikata kamfani ya ba su gidaje. Lebura kuwa shi da ɗakin haya ɗaya, wani lokaci su uku ko huɗu a ciki, wannan yana aikin dare wancan yana barci a kan tabarmarsa.

A daidai wannan lokaci ne gwamnatin Arewa ta gayyato wani Bature mai tsara birane, Max Lock, ya zo ya duba mata Kaduna. Shi wannan mutum ya yi suna tun a Ingila da cewa ba ya zana taswirar gari sai ya fara jin ta bakin mazauna garin. A tsakiyar shekarun 1960 shi da mutanensa suka bi unguwanni gida gida suna tambayar mutum daga ina ya zo, me yake yi, su nawa ne a ɗaki, ina suke samun ruwa, ta yaya yake zuwa wurin aiki. Garin a lokacin, bisa ƙidayar 1963, yana da mutum kimanin 150,000. Aka buga sakamakon a Landan a 1967, babban littafi mai hangen shekara hamsin gaba, har zuwa 2017. Sai dai a watan Mayun wannan shekarar Gowon ya rushe jihohi huɗu ya yi goma sha biyu. Gwamnatin da ta ba da aikin ta shuɗe, Kaduna ta koma hedikwatar Jihar Arewa ta Tsakiya kawai, ga kuma yaƙin basasa. Unguwannin kudu suka ci gaba da tsirowa yadda suka ga dama, mai gona ya yanka fili ya sayar, mai saye ya jera ɗakuna ya ba 'yan masaƙa haya, ba lambatu ba titi. Narayi da Talbijin da Sabon Tasha da Tirkaniya da Unguwar Romi duk haka suka cika.

A farkon shekarun 1970 akwai wata magana da ta yaɗu a tsakanin masana tattalin arzikin Afirka, cewa ma'aikacin birni ɗan gata ne, yana cin gumin manomi, don haka kada a riƙa ƙara masa albashi. Magana ce mai nauyi, domin da ita gwamnatoci ke kafa hujja idan an zo batun ƙarin albashi. Wani masani mai suna Keith Hinchliffe ya ɗauki wannan magana ya auna ta a kan ma'aikatan masaƙun Kaduna. Ya tattara bayanin shekarunsu da iliminsu da abin da suke ɗauka, ya kwatanta da abin da manoman ƙauyukan Zariya ke samu, ya buga a 1973 da 1974. Ya nuna cewa idan aka lissafa tsadar zaman birni, tazarar da ake zuzutawa ba ta kai yadda ake faɗa ba. Ɗan masaƙa yana sayen abinci, yana biyan haya, yana aika kuɗi gida, ga ƙanne an turo masa ya sa a makaranta. A ganina wannan shi ne bincike na farko da ya nuna cewa albashin Kakuri ba na mutum ɗaya ba ne, baki da yawa ke ci a cikinsa, wasu a nan wasu a ƙauye.

Wanda ya ga Kakuri a shekarun arziki ba zai manta da lokacin canjin aiki ba. Masaƙun ba sa barci, kashi uku ake raba yini. Jiniya na yin kuka sai titi ya cika da kekuna, masu fita da masu shiga suna goga kafaɗa. Masu fitowa za ka gane su da farin ƙurar auduga a gira da suma, suna magana da ƙarfi domin kunnensu bai gama hucewa daga ƙarar injin saƙa ba. A cikin ɗakin saƙa ba a jin maganar juna sai da hannu, iskar kuma da gangan ake jiƙa ta don kada zare ya riƙa tsinkewa. A bakin ƙofa ga mai shayi, ga mai ƙosai da kunu, ga mata masu tuwo da sakwara da littafin bashi a hannu, kowa ya ci a rubuta sai ƙarshen wata. Mai gyaran keke, tela, mai gidan haya, mai sayar da guntayen yadi, duk agogonsu jiniyar nan ce. Ranar albashi kasuwar Kakuri kan san an yi biya.

A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta harhaɗa ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyin ƙwadago ta mai da su 42, ta kuma sa doka a riƙa cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa ta fito daga wannan haɗi, kuma ba a Ikko ta kafa hedikwata ba, a kudancin Kaduna ta kafa. Wanda ya zama babban sakatarenta a 1982 shi ne Adams Oshiomhole, wanda ya fara aiki yana matashi a Arewa Textiles, daga baya ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa daga 1999 zuwa 2007, ya yi gwamnan Edo. Ƙungiyar ba ta daɗe da tsayawa da ƙafarta ba sai kuɗin mai ya karye. A 1982 gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu. Masaƙu suka rasa kuɗin waje na sayo sinadaran rini da kayan gyaran inji, audugar gida kuma ta yi ƙaranci, domin manoma sun gaji da farashin hukumar auduga sun koma masara da dawa. Aka shiga sallamar ma'aikata da tura su hutun dole.

KTL ce ta fi jin jiki, domin injinanta sun tsufa kuma masu ita gwamnatoci ne. A watan Janairun 1984, makonni kaɗan bayan juyin mulkin Buhari, ma'aikatanta suka fusata kan yanke albashi, suka fito titi, aka yi arangama da 'yan sanda. Abin da ya biyo baya shi ne ya ja hankalin masu bincike. Ƙungiya ta zauna da shugabannin kamfani, ta amince a riƙa cire wani kaso na albashin ma'aikata a matsayin ajiya da za a mayar musu, don kada a rufe masaƙar. Wato leburori suka ranta wa kamfani kuɗi daga bakinsu ya rayu. Ya kuwa rayu, ya ƙara shekara 18. Ya kamata a riƙe wannan a zuciya kafin a zo ga yadda aka yi da su a ƙarshe.

Masu binciken da suka bi wannan lamari sau da ƙafa mutum biyu ne 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman. Beckman ya koyar da kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kusan shekara goma, a zamanin da jami'ar ke tafasa da muhawara kan tattalin arzikin ƙasa. Su biyun sun fara rubutu kan yadda Nijeriya ta faɗa tarkon alkama, sannan suka juya ga auduga da masaƙu. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa tsakiyar shekarun 1990 suna kai da komowa tsakanin Kakuri da Kano da Ikko. Sun yi wa ma'aikata tambayoyi, sun tattauna da manajoji, sun karanta rahotannin da jami'an ƙungiya ke rubutowa daga kowace masaƙa. Littafinsu kan ƙarfin ƙungiyar ƙwadago a masaƙun Nijeriya ya fito a Upsala a 1998, kuma har yau ban ga wani rubutu da ya kai shi bayyana yadda rayuwar ma'aikacin Kaduna ke tafiya ba.

Abin da suka gano ya saɓa wa abin da ake tsammani. A 1986 Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki da kowa ke kira SAP, aka karya darajar naira har dala ɗaya ta koma wajen naira 4 cikin ɗan lokaci, aka rushe hukumar auduga, aka janye tallafi. A ka'idar masana, a irin wannan yanayi ƙungiyar ƙwadago rauni take yi, domin aiki ya yi wuya kuma mai kamfani na da zaɓi. A Kaduna sai ƙungiyar ta ƙara ƙarfi. Gwamnati ta hana ƙarin albashi, sai ƙungiya ta zagaya ta baya, ta riƙa ciniki a kan alawus: na haya, na mota, na abinci, na hutu, kuɗin ƙarshen shekara, giratuti, maganin ma'aikaci da iyalinsa a asibitin kamfani. Ta kuma kafa ƙa'ida cewa ba a korar mutum sai an bi mataki mataki, wakilinsa yana zaune. Masu kamfani sun yarda ne domin suna buƙatar zaman lafiya a cikin masaƙa, suna kuma buƙatar wanda ma'aikata za su ji maganarsa idan an zo rage mutane ko ƙara wa mutum ɗaya yawan injinan da zai kula da su.

Andrae da Beckman sun nemi sanin inda wannan ƙarfi ya fito. Suka ga ma'aikatan Kaduna yawancinsu sun yi makaranta, sun san karanta takardar yarjejeniya. Suka ga kuma da yawansu ba su yanke igiya da ƙauye ba, suna da gona a gida ko a bayan gari, don haka barazanar kora ba ta kashe musu jiki kamar wanda ba shi da wurin komawa. Da suka kwatanta da Kano sai bambancin ya fito. A can masaƙun ƙanana ne, na Kwarori da attajiran gari, ɗaukar aiki ta hannun wani ake yi, dangantakar kuma ta ubangida da yaronsa ce, idan an yi maka alheri kyauta ce, ba haƙƙi ba. A Kakuri abin a rubuce yake, an sa hannu.

Ba su ɓoye inda abin ke da rauni ba. A 1993, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, ma'aikata suka yi zargin shugabanninsu sun amince da ƙarin da bai kai wanda gwamnati ta sanar ba, suka afka wa hedikwatar ƙungiyarsu a watan Mayu suka yi ɓarna. Yunwa ba ta san yarjejeniya ba. Amma babban raunin, wanda mai karanta littafin a yau zai fi gani fiye da mai karanta shi a 1998, shi ne cewa duk abin da ƙungiya ta ƙwato, daga aljihun kamfani ta ƙwato shi. Asibiti na kamfani ne. Giratuti alkawari ne a littafin kamfani, ba kuɗi ne da aka ware aka ajiye a wani wuri ba. Muddin inji na juyawa, tsarin yana aiki fiye da duk abin da gwamnati ta taɓa yi wa talaka. Ba wanda ya tanadi ranar da injin zai tsaya.

Ranar ba ta yi nisa ba. A 1997 gwamnatin Abacha ta ɗage haramcin shigo da yadi. Ko da aka mayar da haramcin daga baya, 'yan fasa-ƙwauri sun riga sun san hanya, atamfar Sin na shigowa ta Kwatano da Maraɗi ta sauka a Kantin Kwari, wata ma ɗauke da zane da tambarin masaƙun Nijeriya, a farashin da masaƙar Kakuri ba za ta iya sayarwa ba. Wutar NEPA ba ta tsayawa, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuya duk da matatar mai tana nan a bayan gari. A watan Disamban 2002 aka rufe KTL. Nortex da Finetex da Arewa Textiles suka bi baya cikin 'yan shekaru. A 2007 UNTL, uwa ma ba da mama, ita ma ta tsaya, dubban mutane suka koma gida a lokaci ɗaya.

Wannan rushewa ta zo daidai da wata masifar. A watan Fabrairun 2000 aka yi rikicin shari'a, aka sake a watan Mayu, mutum aƙalla 2,000 suka mutu. A Nuwamban 2002, wata ɗaya kafin rufe KTL, aka yi rikicin gasar sarauniyar kyau. Mutane suka yi ta musayar gidaje, Musulmi na ƙetarawa arewa, Kirista na ƙetarowa kudu, kogin da ya raba gari bisa aiki ya koma yana raba shi bisa addini, ko da yake har yau akwai Musulmi da yawa a Makera da Kakuri da Nasarawa. Ba zan ce masaƙu sun hana rikici ba, domin an yi na 1992 suna aiki. Amma akwai wani bincike da ya sa na daina raina abin da aka rasa. Alexandra Scacco da Shana Warren sun zaɓo samari 849, Musulmi da Kirista, daga unguwannin talakawan Kaduna, suka sa wasu daga cikinsu a ajin koyon kwamfuta na mako 16, wasu azuzuwan a gauraye wasu kuma addini ɗaya. Sakamakon da suka buga a 2018 ya nuna cewa zaman tare bai canza abin da mutum ke ɗauka a ransa game da ɗaya ɓangaren ba, amma waɗanda suka zauna a ajin gauraye sun fi rage nuna bambanci a aikace idan aka kwatanta da 'yan ajin addini ɗaya. Idan mako 16 ya yi haka, sai a auna shekara 45 na mutane suna tsaye a kan inji ɗaya, suna bin layin albashi ɗaya, suna zaɓen wakili ɗaya.

Ma'aikatan KTL ba a sallame su ba, rufe ƙofa kawai aka yi, aka ce su dakata. Ba albashin da suke bi, ba giratuti, ba kuɗin sallama. Ƙungiyar ƙwadago ta sha faɗa cewa haƙƙinsu ya kai kimanin naira miliyan 687. Masu kamfanin kuwa ba wasu baƙi ba ne da suka tattara suka gudu ƙasarsu, jihohin Arewa 19 ne. Tsofaffin ma'aikata na KTL da sauran masaƙun da aka rufe suka kafa gamayya, suna taruwa, suna rubuta wasiƙu, suna zuwa da kwalaye duk lokacin da gwamnonin Arewa suka zo taro Kaduna. Suna kuma riƙe da wani lissafi da ba wata ma'aikatar gwamnati da ta riƙe: sunayen 'yan uwansu da ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Wannan lissafi ne Elisha Renne, masaniyar al'adun ɗan Adam daga Jami'ar Michigan ta Amurka, ta ɗauka ta bi. Ita da Salihu Maiwada na Jami'ar Ahmadu Bello sun riga sun rubuta tarihin tashi da faɗuwar masaƙun Kaduna a 2013. Sai ta koma ga matan mamatan da 'ya'yansu, ta ji yadda mazan suka ƙare, ta fitar da littafi a 2020 kan mutuwa da masaƙu a Nijeriya. Abin da ke ciki kowa a Kakuri ya san shi, amma wani abu ne daban a gan shi a rubuce. Magidanci mai hawan jini ko ciwon suga da ya saba karɓar magani a asibitin kamfani, ya wayi gari ba asibitin ba kuɗin kemis. Tunani ya haɗu da ciwo. Ya gwada acaɓa ko gadi ko noma a bakin kogi, jiki ya ƙi. In ya mutu, ga batun kai gawa ƙauye, wanda da kamfani ke taimakawa, yanzu sai an yi karo-karo a coci ko a ƙungiyar 'yan gari. Matar ta koma sayar da itace ko dafa burkutu ko wankau, yara wasu suka bar makaranta, mai gida kuma yana jiran kuɗin haya.

Akwai wata leda da za ka iske a gidaje da yawa irin waɗannan, a ƙarƙashin katifa ko a ƙasan akwati. A ciki akwai katin shaidar aiki mai hoton saurayi, da takardar ɗaukar aiki da ta yi ja don daɗewa, da 'yan takardun albashi, da takardar shaidar mutuwa. Duk lokacin da aka ji raɗe-raɗin za a yi tantancewa, sai uwar gida ta ɗauko ledar ta hau mota ta je ta bi layi. Wasu sun gaji sun koma ƙauye da ledarsu. Wasu sun zauna a Kaduna cikin wahala don tsoron kada a zo biya ba sa nan.

Me hukuma ta yi a duk tsawon wannan lokaci? A ƙarshen mulkin Obasanjo an yi ta shelar asusun naira biliyan 70 na farfaɗo da masaƙu, bai iso Kakuri ba. Daga baya aka ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu, wanda ya taimaka aka sake buɗe wani ɓangare na UNTL a ƙarshen 2010. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi kuɗin waje. Kowane ɗan takara da ya zo Kaduna sai ya yi alkawarin tada masaƙu. Duk maganar a kan inji take, ba a kan mutanen da suka tsufa a gaban injin ba. Dokar fansho ta 2004, wadda ta sa a riƙa tara wa ma'aikaci kuɗi a asusunsa na kansa a wajen kamfani, ita ce ainihin maganin ciwon da binciken Andrae da Beckman ya nuna, amma ta zo bayan an rufe KTL, ba ta kuma waiwayi na baya ba. Shirye-shiryen da suka zo daga 2016, ciyar da 'yan firamare da naira 5,000 a wata ga matalauta, sun yi amfaninsu, sai dai sadaka ce aka ba mabuƙaci. Ɗan KTL ba sadaka yake nema ba, gumin da ya riga ya zubar yake bi. Har yau kuma babu wani tsari a ƙasar nan da ke ba ma'aikacin da kamfaninsa ya durƙushe wani abu duk wata kafin ya sami madafa.

Akwai laifin da ke wuyan masu ilimi su ma. Kusan duk rubuce-rubucen nan da Turanci suke, an buga su a Landan da Upsala da Amurka, kuɗin littafi ɗaya ya fi abin da gwauruwar Kakuri ke samu a wata. Mutanen da aka yi binciken a kansu ba su karanta ba, 'yan majalisar da ya kamata su yi doka da shi ma da wuya su taɓa ganinsa. Hausa ce harshen da Bajju da Tibi da Bahaushe ke ciniki da shi a kasuwar Kakuri. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna da Gidan Arewa suna da malaman da za su iya juya waɗannan littattafai zuwa Hausa, a karanta su a rediyo, a ajiye lissafin mamatan nan a ɗakin adana tarihi kafin masu riƙe da shi su ma su tafi.

Lokacin da littafin Renne ya fito, shekara 18 ke nan da rufe KTL ba a biya ma'aikatanta ba. Naira miliyan 687 idan aka raba wa jihohi 19, kowace ba za ta ba da miliyan 37 cikakku ba, kuma darajar kuɗin ta riga ta zube tun tuni. Gwamnonin Arewa, ku da kuke haɗuwa a ƙetaren wannan kogi, bashin nan a wuyanku yake. Ku lissafa shi da darajar kuɗin yau, ku biya waɗanda suka rage da rai da magadan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kafin ku sake yi wa mutanen Kakuri maganar farfaɗo da masaƙu.